Dutsen da Ya Ɓace daga Kabarin Tuffley

Wata 'yar tsuntsuwa ce ta shige cikin kabarin Tuffley da tsinke a baki. Rosalind Pask ta riga ta wuce da taku uku, karenta Bracken na gaba, kafin ƙafarta ta tsaya da kanta. Shekara talatin ke nan tana yanke hanya ta bayan cocin Harnley zuwa dajin da take aikin kula da barewa, ba ta taɓa sanin akwai inda tsuntsu zai shiga a jikin kabarin nan ba.

Ta dawo da baya. Kabarin akwati ne na farin dutse, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Irinsa goma sha ɗaya ne a maƙabartar, shi ne babbansu. Allon da ke toshe gefensa na yamma, wanda ke fuskantar shinge, wanda aka sassaƙa wasiyyar Obadiah Tuffley a kai, babu shi. Sai baƙin rami, ciki wayam, don dama mai kabarin yana can ƙarƙashin ƙasa.

Safiyar Litinin ce. Ranar Juma'a za a raba burodi.

*

Kafin ƙarfe goma rabin garin ya iso. Sau uku Rosalind tana roƙonsu su tsaya a kan hanyar tsakuwa, sau uku suna ce mata to, suna ci gaba da zagaya kabarin da manyan takalman roba. Duk abin da ciyawar za ta iya gaya mata, a gaban idonta aka tattake shi.

"Queenie, don Allah ɗaga ƙafarki."

"Ni fa ban taka komai ba," in ji Queenie Dabb mai mashayar garin, wadda ita ke gasa burodin Tuffley kowace shekara. "Burodi sittin zan yi, Roz. A kan me za a jera su? A kan kabari mai giɓi, ga bishop zai zo?"

Tuffley attajirin ulu ne. Ya bar wasiyya cewa kowace Juma'ar da ke kafin bikin Ista a jera burodi a kan murfin kabarinsa a raba wa zawarawa da tsofaffi. Amma ba a taɓa ko guda sai dattijon coci ya durƙusa, ya ɗora yatsa a kan allon, ya karanta wasiyyar daga jikin dutsen. Takarda ba ta maye gurbinsa. Bana ne cikon shekara ɗari uku.

Dattijon cocin yana tsaye a gefe, riƙe da sandarsa. Aubrey Pennick ne, shekararsa ashirin da biyu a wannan matsayi, kafin nan kuma shi ne hedimastan makarantar garin. Duk wanda ke tsakanin talatin da sittin a Harnley ya taɓa tsayawa a gabansa da kai a sunkuye.

Wani ɗan sanda ya zo daga birni, ya ɗauki hoto huɗu, ya ce satar tsohon dutse ta yi yawa a bana, in an samu sunan wanda ake zargi a kira shi. Bai kashe motarsa ba ma.

"Suna," in ji Queenie, ta ja kalmar.

Idanu suka tafi kan ɗan gidan da ke kusurwar maƙabartar. Gidan coci ne, Lorne Hiscock ke ciki, shi ke yanke ciyawa, ya gyara katanga, ya jera kujerun zauren taro. Shekara ashirin da shida da suka wuce ya yi wata goma sha takwas a kurkuku kan ɓamɓare dalmar rufin wata coci.

"Ba na son a ambaci kowa," in ji Mista Pennick da muryar nan tasa ta aji. "Sai dai kwamitin coci zai zauna Laraba da ƙarfe uku. Wanda aka ba amanar wuri, ko bai ɗauka ba, ya kasa tsarewa. Dole a duba maganar aikin da ta gidan."

Rabaran Thea Okell, wadda shekararta biyu kacal da karɓar cocin, ta jawo Rosalind gefe.

"An ce kina iya bin barewa mai rauni kwana biyu a cikin daji."

"Barewa ba ta gayyato mutum talatin su taka mata sawu, Rabaran."

"Ki duba dai. In aka kai Laraba babu wani bayani, ba zan iya tare su ba. Gidan ne kawai Lorne yake da shi."

*

Ta iske Lorne a katangar gabas yana jera duwatsu. Ajinsu ɗaya a makaranta, benci ɗaya ma a shekarar ƙarshe. Bai juyo ba.

"Takalmina kika zo aunawa?"

"Na san takalminka. Yana ko'ina a wurin."

"To ai shi ke nan, a kira ɗan sandan ya huta."

Ta leƙa baronsa. Farar ƙura ce a ciki da ɓarɓashin dutse. Ta ɗauki ɗan gutsure ta murza. Na katanga ne, mai rawaya-rawaya, ba farin nan na kabari ba. Ta san haka, ta kuma san Queenie ba za ta tsaya bambance launi ba.

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?"

"Alhamis, da na yanke ciyawa. Yana nan yana lilo kamar haƙorin tsohuwa. Ƙarafunan da suka riƙe shi tsatsa ta cinye su. Sau biyu ina gaya wa Hedimasta ya rubuta wa ofishin bishop a ba da izinin gyara, tunda ko tsakuwa ba ni da ikon motsawa a jikin kabarin nan sai da takarda. Ya ce in ji da ciyawata."

"Asabar fa? Da kowa ya tafi kallon wasan ƙarshe na ƙwallo?"

"Ina bakin rafi, kamun kifi."

"Kai da wa?"

"Ni da kifin."

"Nawa ka kama?"

"Ko ɗaya. Da na san shaida zan nema, da na roƙi guda ya biyo ni."

Ba ta yi dariya ba. Ya ɗauki wani dutse, ya jujjuya shi har ya sami inda zai zauna, ya ɗora.

"Shekara ashirin da shida, Roz. Ko cokali ya ɓace a garin nan sai an leƙa tagata. Ki bari su yi taronsu."

"Ina za ka in suka karɓe gidan?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya miƙa hannu ga dutse na gaba.

*

Talata gaba ɗaya ta tafi a bin farar mota.

Queenie ce ta tuna ta. Ta ce ba ta je kallon ƙwallo ba saboda ƙafarta, kuma ta hango farar motar kaya ta tsaya a ƙofar maƙabarta wajen ƙarfe biyu na Asabar. Kafin azahar labarin ya zama mota ce da ƙarti uku, kafin la'asar ɗaya daga cikinsu ya fara kama da Lorne.

Motar kam ta tsaya. Rosalind ta ga inda tayar baya ta hau gefen ciyawa, da ɗigon mai guda uku. Ta bi ɗigon a ƙafa, nan ɗaya, can ɗaya, har mil guda da rabi, zuwa tsohon gidan niƙa da Jasper Fenn ya saya bara. Mutumin Landan ne, dillalin tsofaffin kaya. Lambunsa cike yake da mala'ikun dutse, wasu ba hanci, wasu ba fukafuki.

"A, mai bin sawu," in ji shi daga bakin ƙofa, da kofin kofi a hannu. "Na yi mamaki ma da aka kai Talata. Ku a garin nan masu laifi biyu gare ku, baƙo da Hiscock."

"Motar nan me ta zo yi?"

"Kwamin dutse ta kawo min, ga shi can, na shuka furanni. Direban ya ɓata hanya, ya tsaya a ƙofar cocinku ya kira ni. Ki duba ƙarƙashin gadona ma in kina so, amma ki bar karen a waje."

Ta zagaya kwamin. Sabon sawun saukewa na nan, itacen da aka gangaro shi a kai na jingine a bango. Ta duba mala'ikun ɗaya bayan ɗaya, kunnuwanta na zafi saboda yana biye da ita yana faɗin sunan garin da kowanne ya fito.

"Bari in gaya miki wani abu kyauta, Malama Pask," in ji shi da ta kai ƙofa. "Wanda ya san dutse zai ɗauki dakalin hanya, ko kwami, ko kan zaki. Ba zai ɗauki allo mai sunan mutum da sunan gari a rubuce ba. Wa zai saya? Gobe zan zo taron naku. Ina son in ga wanda zai ba ni haƙuri."

A hanyar komawa ta tsaya ƙarƙashin rumfar ƙofar maƙabarta. Laka ce a nan kullum, rana ba ta taɓa ta. Ta tsugunna har gwiwoyinta suka yi tsami. Takalman mutane ne masu tafiya hannu sake, ba taya, ba wanda diddigensa ya nitse da nauyin kaya. Ta duba matakalar tsallake shingen baya, hanyar fita ta biyu, haka. Ta bi katanga kaf, ba inda gansakukar kanta ta goge.

Dutsen da ya kai nauyin babban mutum ya fita daga wuri mai ƙofa biyu bai taka ko ɗaya ba. Ta koma gida ta yi wa Bracken tsawa a kan abin da bai yi ba.

*

Laraba ta fito da hantsi ba don tana da wani sabon tunani ba, sai don ta kasa zama. Kwana biyu ba wanda ya shiga wurin, ciyawar da aka tattake ta fara miƙewa. Banda wani yanki.

Daga gindin ramin, inda allon yake a da, ciyawar ta yi rawaya, faɗin tabarma, ta gangara kaɗan kamar yadda ruwa ke gangara. Ran Litinin koriya ce kamar sauran. Bracken ya kai hanci, ya yi atishawa, ya ja da baya. Rosalind ta durƙusa ta ware ciyawar da yatsu. Tana matattu, sun yi fari. Dodon koɗi bakwai, duk sun mutu a cikin ɓawonsu. Ta tona ƙasa kaɗan ta sunsuna. Bilic ne, irin na wanke banɗaki. Cikin ƙasar kuma ga wasu 'yan siraran wayoyi, gashin buroshin ƙarfe.

Ta zauna a kan dugaduganta. Wanda ya zo sata ba ya tsayawa ya wanke abin da zai sata.

Kwana biyu tana neman hanyar fita, saboda kowa ya ce sata ce. Yanzu ta juya wa ƙofofin baya, ta dubi gefen arewa na cocin. Mutanen Harnley ba sa binne nasu a can in da hali, ba sa ma son takawa, shi ya sa ran Litinin ba wanda ya zagaya. Ta kwantar da kai kusa da ƙasa, ta bar hasken rana ya zo mata a karkace.

Layi biyu ne, kowanne faɗin yatsa biyu, tsakaninsu taƙi ɗaya da rabi. Ba baro ba ne, baro taya ɗaya gare shi. Ta bi a hankali. Bayan taku uku layukan suka nitse, alamar an tsaya da kaya. Daga dama ga wani ɗan rami mai zagaye, zurfin gaɓar yatsa. Taku uku kuma, an sake tsayawa, ga ramin. Ta ƙirga tsayuwa biyar.

Sawun ya ƙare a kabarin Ann Loveday, wani ƙaramin akwati da gefensa ya faɗi tun kafin a haife ta, yaɗo ya rufe ramin kamar labule. An ɗaga yaɗon an mayar, ganyayen na kallon ƙasa. Ta zura kai.

Allon na ciki, an jingine shi a kan ninkakken buhu don kada ya guntule. Rabinsa na ƙasa na nan da gansakuka da rubutunsa. Rabin sama kuwa fari fat, fuskar dutsen ta saluɓe kamar ɓawon burodi, layi shida na wasiyyar sun tafi da ita.

Ta mayar da yaɗon. Ta wuce zauren taro, ta leƙa ɗakin ajiya ta taga. Amalanken da ake jigilar kujeru da shi na tsaye a kusurwa, ƙananan tayoyinsa biyu an wanke su tas. A saninta ba abin da aka taɓa wankewa a ɗakin nan.

*

Mista Pennick na cikin lambunsa yana datse wardi, sandarsa rataye a ƙofar shinge. Rosalind ta tsaya daga waje. Shekararta hamsin da huɗu, amma sai da ta gyara wuyan rigarta.

"Barka da rana, Hedimasta."

"Pask."

"Na je gefen arewa."

Almakashin ya tsaya. Bai ɗago ba.

"Ke dai tun kina aji uku ba kya zama inda aka ajiye ki."

"Na ga abin da ke cikin kabarin Loveday. Ban gaya wa kowa ba."

"Ban san abin da kike magana a kai ba."

"Ƙarfe uku ne taron. Ka faɗa da bakinka ya fi in faɗa. Za su fahimta, kai ne fa."

"Kin gama?"

"Gidan Lorne ne, Hedimasta."

Sai a lokacin ya dube ta, kallon da yake yi wa yaro in ya kawo uzuri.

"Hiscock na da tarihinsa, ba ni na rubuta masa ba. Ki rufe min ƙofa in za ki tafi, tumaki na shigowa."

Ƙofar a rufe take, ba ta buɗe ba tun farko. Ta tsaya tana kallon ta, sannan ta tafi.

*

Mutum goma sha huɗu ne a zauren. Rabaran a tsakiyar teburi, Mista Pennick a damanta, Queenie da sauran 'yan kwamiti a hagu. Jasper Fenn ya harɗe ƙafa a layin gaba. Lorne na can baya kusa da ƙofa, hularsa a gwiwa. Shi ya jera kujerun da suke kai.

Rosalind ta jira. Aka yi addu'a, ta jira. Mista Pennick ya buɗe takarda, ya sa tabarau, ta ce a ranta yanzu zai faɗa. Sai ya karanta cewa, duba da abin da ya faru, kwamiti na ba da shawarar a sallami mai kula da maƙabarta, ya bar gidan coci kafin ƙarshen wata. Muryarsa ko gezau.

Ta miƙe. Magana a cikin mutane ba abinta ba ce.

"Rabaran, ina son kowa ya biyo ni waje."

"Ana hadari fa, Roz," in ji Queenie.

"Ba za ki narke ba."

Ta shiga ɗakin ajiya ta turo amalanken kujeru, ta wuce gaba da shi yana ƙara a kan tsakuwa. A kabarin Tuffley ta nuna musu ciyawar da ta mutu, ta ce duk mai shakka ya sunsuna. Jasper kaɗai ya durƙusa.

"Bilic," in ji shi. "Wane mahaukaci ne zai zuba wa irin wannan dutsen bilic? Gari yake zama."

Da suka kai kusurwar cocin wasu suka ja tunga. Rabaran ta wuce, sauran suka bi ta ba don sun so ba. Rosalind ta sa su tsaya a jere a jikin bango, wannan karon kuwa suka ji. Ta ɗora tayoyin amalanken a kan layukan biyu. Suka zauna daidai.

"To ai Lorne ke da makullin ɗakin," in ji Queenie. "Shi ke tura abin nan kullum."

"Ke ma kina da shi. Rabaran na da shi, Hedimasta na da shi." Rosalind ta je ta ɗaga yaɗon. "Lorne, zo ka fito da abin da ke ciki."

Ya dube ta. Sannan ya zo, ya durƙusa, ya zura hannuwa biyu. Ya jawo allon, ya rungume shi a ƙirji, ya miƙe da shi a yunƙuri ɗaya, ya taka har inda ciyawa ta fi laushi ya kwantar da shi rigingine. Da suka ga fuskar dutsen wata tsohuwa ta rufe baki da hannu.

"Kun ga yadda ya ɗauke shi," in ji Rosalind. "Wanda ya kawo shi nan kuwa sai da amalanke, kuma ya huta sau biyar a cikin taku goma sha biyar. Ga wuraren. Duk inda ya huta, yakan sauke abin da ya rataye a jikin amalanken ya dogara da shi."

Ta nuna 'yan ramukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta dubi kowa ba.

Mista Pennick na tsaye a ƙarshen layi, ya jingina nauyinsa a kan sandarsa. Shi ma ya ga inda idanun mutane suka sauka. Ya ɗaga sandar a hankali. Ta bar ɗan rami mai zagaye a cikin ƙasa, zurfin gaɓar yatsa.

Can ya cire tabarau, ya rasa aljihun da zai sa shi.

"Bara na tsaya a layi na huɗu," in ji shi. Ba muryar aji ba ce yanzu. "Kun ɗauka tari ne ya sarƙe ni. Shekara ashirin da ɗaya ina faɗin kalmomin nan, yatsana ne kawai ke kan dutsen, daga kaina nake karantowa. Bara na nema a kaina, babu. Na duba dutsen, gansakuka ta rufe. Tun daga nan abubuwa da yawa nake nema ban samu ba. Jiya sunan matata ne." Ya dubi allon. "Na ce bari in wanke shi, bana in karanta da ido a gaban bishop. Sai fuskar ta biyo buroshin. Da na dafa shi in duba, ya taho hannuna gaba ɗaya."

"Aubrey," in ji Queenie, idonta ya cika. "Haba Aubrey, me ya hana ka faɗa mana?"

"Lorne fa?" in ji Rosalind.

Mista Pennick ya juyo kamar bai gane tambayar ba.

"Da bayan Ista na gyara maganar."

"Bayan ya kwashe kayansa?"

"Roz, ya isa," in ji Queenie. Ta riga ta kama hannun tsohon. "Ba kya ganin halin da yake ciki? Wani ya kawo kujera mana. A ɗora shayi."

Nan take wurin ya rikice. Biyu suka ruga ɗauko kujera. Wata ta ce ƙanin mijinta haka ya fara, akwai likita mai kyau a birni. Jasper ya manta da haƙurin da ya zo karɓa, yana gaya wa Rabaran ya san wata mai gyaran tsohon sassaƙa, in akwai tsohon hoto za a iya ceto wani abu. Wani ya ce bishop ba sai ya ji komai ba. Wani ya ce dole ya ji. Queenie ta ce ko ana ha-maza ha-mata burodinta sai an raba, Aubrey ya karanta layukan da suka rage.

"Rabaran," in ji Rosalind. Sai da ta sake kira. "Takardar da aka karanta ɗazu."

"A, wannan. Ai ta wuce, a soke ta," in ji Rabaran, idonta na kan wayarta tana neman lambar ofishin bishop. "Aikin da gidan suna nan yadda suke, kowa ya ji."

Ba wanda ya nuna ya ji. Kujera ta iso, aka zaunar da Mista Pennick, aka zagaye shi har ba a ganinsa.

Yayyafi ya sauko. Lorne na tsaye shi kaɗai kusa da allon, yana kallon ɗigon ruwa na faɗa wa farin wurin da ya saluɓe, dutsen na shanyewa. Ya cire rigarsa ta sanyi, ya shimfiɗa a kai, ya cusa gefunanta ƙarƙashi don kada iska ta ɗauke. Ya tsaya kaɗan, yana fuskantar bayan mutanen. Queenie ta waiwayo sau ɗaya, idonsu ya haɗu, ta mayar da kai ga kofin da take miƙa wa tsohon.

Rosalind ta so ta ba shi haƙuri, amma daga bakinsu ya kamata haƙurin ya fito, ba daga nata ba.

Lorne ya sa hularsa. Ya bi ta tsakanin kaburburan da rigar ciki a cikin ruwan, ya wuce ƙofar gidansa bai tsaya ba, ya hau matakalar shinge ya sauka ta ɗaya gefen.